Yadda Ake Sauraron Fank da Gaurayen Jaz

Malam, ka rubuto cewa wani abokinka ya turo maka kiɗan Herbie Hancock, makaɗin fiyano ɗan Amurka, mai suna "Chameleon" yana ta kuranta shi, ka saurara har kusan minti uku, ba ka ji an fara waƙa ba, ba ka kuma ji wani abu ya canja ba, sai ka kashe. Ka tambaya ko akwai abin da masu son fank da gaurayen jaz, salon kiɗa biyu da suka taso a Amurka, suke ji wanda kai ba ka ji, sannan ka nemi in faɗa maka kiɗe-kiɗen da ni kaina na fi so. Na daɗe ina kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin amo, ina kuma tara fayafayan wancan zamani, amma ba zan ɓoye maka ba, farkon haɗuwata da irin wannan kiɗa ni ma zaman jira na yi ta yi ko mawaƙi zai shigo, har faifan ya ƙare bai shigo ba.

Dalilin ba shi da nisa. Kunnenmu a kan magana ya tashi, domin a wajen Bahaushe waƙa ce gaba, kiɗa kuwa tabarma ce da ake shimfiɗa mata. Sai dai ka tuna yadda marigayi Mamman Shata yake yi. 'Yan amshinsa sukan riƙe layi ɗaya tak suna maimaita shi tun daga farko har ƙarshe, masu kalangu su ma suna kan zubi guda, kuma ban taɓa jin wanda ya ce abin ya gundure shi ba, saboda tsayuwar amshin ita ce ke ba Shata damar ya shiga inda ya ga dama, ya ƙirƙiro magana nan take, ya yi nisa, sannan ya dawo ya tarar da su inda ya bar su. Ginin fank ke nan. Bambancin kawai shi ne wanda ke tsaye a gurbin Shata kayan kiɗa ne, wani lokaci ma babu kowa a gurbin, tabarmar ce ake so ka tsaya ka dubi saƙarta.

Kafin komai, ka daina sauraron wannan kiɗa ta lasifikar waya. Rabin abin da ke faruwa a fank a ƙasa yake, wato a jitar bes da babbar gangar da ake takawa da ƙafa, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri irin wannan. Wanda ya ji "Chameleon" ta wayarsa tsirara bai ji shi ba tukuna. Ka nemi abin sawa a kunne mai ɗan kyau, ko lasifika mai girma.

Tushen fank yana wajen mawaƙin nan na Amurka, James Brown. Ya fara karkata zuwa gare shi da "Papa's Got a Brand New Bag" a 1965, amma wanda nake so ka fara da shi shi ne "Cold Sweat" na 1967. Idan kana sauraro ka riƙa ƙirga taku huɗu kana maimaitawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yawancin kiɗan Amurka na lokacin a kan taku na biyu da na huɗu yake ɗora nauyinsa, nan ne ake tafawa. James Brown sai ya mayar da nauyin kan taku na ɗaya, ya umarci makaɗansa duka su faɗo a kansa tare, tsakanin wannan ɗayan da ɗaya na gaba kuwa kowa ya saƙa nasa. Idan kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, kuma haka aka yi. Abu na biyu da ya yi ya fi na farko girma: ya mayar da kowane kayan kiɗa ganga. Mai jita ba ya rera komai, yana kartar tsirkiya ne kamar mai karta ƙwarya, masu busa suna jefo gajerun amo kamar bugu, shi kansa Brown ihunsa da nishinsa bugu ne. Mai ganga a wannan faifai Clyde Stubblefield ne, kuma idan ka kasa kunne za ka ji yana jinkirta wani bugu da kake tsammani, ya kawo shi rabin taku a baya, sannan tsakanin manyan bugun akwai wasu ƙanana da yake yi kamar raɗa. Waɗannan ƙananan su ne ke sa ka gyaɗa kai ba ka sani ba. Akwai wani abu kuma da ya kamata ka riƙe, domin zai yi mana amfani a gaba: Pee Wee Ellis, wanda ya tsara busar "Cold Sweat", mutumin jaz ne, kuma shi da bakinsa ya ce daga "So What" na mai busa ƙahon jaz Miles Davis, wanda ya fito a 1959, ya samo zubin busar. Ashe tun ran gini jaz yana cikin fank.

Idan ka saba da neman ɗaya, sai ka koma kan "Cissy Strut" na ƙungiyar The Meters ta birnin New Orleans, wanda ya fito a 1969. Mutum huɗu ne kawai, babu waƙa, kuma kiɗan bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba. Ina sa shi cikin waɗanda na fi so saboda shi ya koya mini cewa shirun da ke tsakanin bugu biyu shi ma kiɗa ne. Mai gangarsu, Zigaboo Modeliste, yana tafiya kamar mai ɗingishi da gangan, kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa, George Porter Jr. kuma yana bin layin jita da bes ɗinsa sannan su yi tsit tare su bar rami. Makaɗi sabon shiga yakan ji tsoron ramin nan, sai ya cika shi da bugu, kuma da zarar ya cika shi fank ya mutu. "Superstition" na Stevie Wonder, na 1972, wataƙila ka riga ka san shi. Ka sake jin sa kana bin kilabinet, wato wannan abin dannawa mai amo kamar jita, ka kuma sani cewa shi Wonder ɗin ne ya kaɗa gangar da kansa. Larry Graham na ƙungiyar Sly and the Family Stone shi ne ya yaɗa salon marin tsirkiyar bes da babban yatsa da fizgarta da manuni, abin da yau duk yaron da ya ɗauki bes yake fara kwaikwayo.

Gaurayen jaz, wanda masu shi ke kira fusion, daga ɗaya ɓangaren ya taso. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 jaz ya rasa matasa, musamman matasan baƙar fata na Amurka, waɗanda suka koma wajen James Brown da Sly Stone da Jimi Hendrix. Miles Davis, wanda ba mutum ne mai son a bar shi a baya ba, sai ya shigo da fiyanon lantarki da jitar lantarki cikin ƙungiyarsa. A Fabrairun 1969 ya ɗauki In a Silent Way, a Agustan shekarar ya ɗauki Bitches Brew, wanda ya fito a 1970. Yadda aka yi su ma sabon abu ne: makaɗa za su yi ta bugawa a situdiyo ba tare da cikakken tsari ba, daga baya mai haɗa faifan, Teo Macero, ya yanka tef ya liƙa, har ya maimaita wani yanki sukutum a ƙarshe. Ba na ba sabon mai sauraro shawarar ya fara da Bitches Brew, domin daji ne mai duhu. Wanda ya fi sauƙin shiga shi ne "Right Off", daga faifan da Miles ya yi don tunawa da ɗan damben nan Jack Johnson, wanda ya fito a 1971. John McLaughlin ne ke jita, Billy Cobham ke ganga, mai bes kuwa Michael Henderson, saurayin da Miles ya ɗauko daga ƙungiyar Stevie Wonder don kawai yana son wanda zai riƙe layi ɗaya ba ya gajiya. Muhimmancin waɗannan fayafayai ya wuce abin da ke cikinsu, saboda kusan duk wanda ya jagoranci gaurayen jaz a shekarun 1970 ta hannun Miles ya bi: Hancock, da McLaughlin, da Chick Corea, da Joe Zawinul, da Wayne Shorter, da Tony Williams.

To, mu dawo kan "Chameleon" ɗinka. Herbie Hancock ba ɗan koyo ba ne da ya rasa abin bugawa ya tsaya a wuri ɗaya. Yana ɗan shekara 11 ya buga kiɗan Mozart tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Chicago, ya yi wa Miles fiyano daga 1963 zuwa 1968, kuma da ya shiga kwaleji fannin injiniyan lantarki ya fara karantawa, abin da ya sa na'urori ba su taɓa ba shi tsoro ba. A 1973 ya yanke shawarar barin kiɗan da ya yi wa jama'a nisa ya sauko ƙasa, ya yi faifan Head Hunters, wanda "Chameleon" ke cikinsa, har ya sa wa ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen sunan Sly, wato Sly Stone. A tsohon salon jaz haɗin amon da ake tafiya a kansa yakan canja kusan kowane taku biyu, mai busa yana bin sa a guje kamar mai tsallake kunyoyi. A farkon "Chameleon" haɗin amo biyu ne kacal, ana zuwa ana dawowa, saboda haka duk hikimar ta koma kan lokaci da launin sauti.

Ga yadda nake so ka bi shi. Layin da ya buɗe kiɗan, mai amo goma sha biyu, ba jitar bes ba ce, Hancock ne ke danna shi a na'urar sintesaiza ƙirar ARP Odyssey, wato abin dannawa mai ƙirƙirar amo da lantarki. Ka lura cewa amo uku na farko kafin taku na ɗaya suke zuwa, kamar mai ɗaukar gudu kafin ya yi tsalle, na huɗun ne ke sauka a kan ɗaya. Daga nan Harvey Mason ya shigo da ganga. Sai ka ji wani siririn amo kamar na jita, alhali babu mai jita a faifan gaba ɗaya. Paul Jackson ne ke kaɗa bes ɗinsa can sama kusa da gindin tsirkiya, tun da an karɓe masa aikinsa na ƙasa. Sai kilabinet ya shigo ya zauna a ramukan da sauran suka bari, sannan Bennie Maupin ya kawo taken da saksofon. Kowane ɗayansu abin da yake bugawa ƙanƙane ne, idan ka ware shi kaɗai ba zai burge ka ba, amma babu biyu da ke taka ƙafar juna, kamar dai mata uku a kan turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Kai ka kashe ne daidai lokacin da aka gama shimfiɗa. Bayan nan Hancock yakan ɗauki sintesaiza ya yi ta murɗa amonta har ta kauce wa daidai, ta yi kamar kuka, abin da wasu ke ƙi ni kuwa nake so. Sannan, da aka ɗan wuce tsakiyar kiɗan, wanda tsawonsa ya kusa minti 16, sai komai ya juye: Jackson ya karɓi ƙasa da bes ta gaske, layin ya saki jiki, Hancock ya koma fiyanon lantarki na Fender Rhodes, ya buga abin da a ganina yana cikin mafi kyawun abin da ya taɓa bugawa. Sunan "Chameleon", wato hawainiya, da aka ba kiɗan a nan yake cika. Ka saurare shi sau uku: karo na farko ka bi ƙasa kawai, na biyu ka bi ganga, na uku ka saki kunnenka.

A faifan dai akwai "Watermelon Man", wanda Hancock ya fara fitarwa tun 1962 sannan ya sake masa riga a nan. Busar da ke buɗe shi, mai kama da sarewa haɗe da murya, Bill Summers ne ke hura kwalba yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzele da ke dazukan Afirka ta Tsakiya. Masu tsattsauran ra'ayin jaz sun zargi Hancock da sayar da kansa, amma faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, abin da kafin nan ba a saba gani a jaz ba.

Akwai reshen gaurayen jaz da ya fi karkata ga ƙarfi da gudu, wanda jagoransa shi ne Mahavishnu Orchestra ta John McLaughlin, Baturen Ingila da ya zurfafa a kiɗan Indiya. A faifansu na farko, The Inner Mounting Flame na 1971, za ka tarar da zagayen da ba taku huɗu ba, kamar "Vital Transformation" da ake ƙirga shi tara-tara. Ina girmama su, amma ba kullum nake iya zama da su ba. Na fi komawa ga "Stratus", daga faifan Spectrum da mai gangarsu Billy Cobham ya yi a 1973, inda Lee Sklar ya riƙe layin bes ɗaya minti bayan minti ba ya ko motsi, Cobham kuma yana ta zuba ganguna a kansa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ƙarfin layin nan ne ya sa ƙungiyar Massive Attack ta Ingila ta ɗauke shi ta gina "Safe from Harm" a kansa a 1991. Wanda yake son abu mai haske da daɗin rerawa sai ya nemi "Spain" na Chick Corea.

Weather Report, wadda Zawinul ɗan ƙasar Ostiriya da Wayne Shorter suka kafa a 1970, ita ce ƙungiyar da ta fi daɗewa a kunnena. Kowa "Birdland" yake ambata daga faifansu Heavy Weather na 1977, kuma ya cancanta, amma ni na fi son abin da ke biye da shi, "A Remark You Made". A nan ne za ka ji Jaco Pastorius, wanda ya cire ƙarafan da ke raba amo a wuyan jitar bes ɗinsa, ta yadda yatsansa ke zamewa daga amo zuwa amo kamar na mai goge, har bes ta koma tana rera waƙa da muryar namiji mai taushi. Shorter kuma yana amsa masa da saksofon, amo kaɗan, kowanne a wurinsa. A "Teen Town" na faifan, Jaco ne ya kaɗa bes da ganga duka. Ya rasu a 1987 yana da shekara 35, kuma kusan duk wanda ya riƙi bes bayansa sai da ya bi ta inuwarsa, ni ma ban tsira ba. Dole kuma in faɗa maka gaskiya cewa ba duk abin da ake kira gaurayen jaz ne ya cancanci lokacinka ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 abin ya rabu biyu, wasu suka mayar da shi gasar saurin yatsa, wasu suka tace shi har ya zama lami, irin wanda ake sawa a zauren otal don kada a yi shiru. Ma'aunina a kullum shi ne in duba ko makaɗan suna sauraron juna: idan mai busa ya jefa wata magana, mai ganga ya amsa ta, ko kuwa kowa littafinsa yake karantawa?

Wannan kiɗa bai tsaya a Amurka ba, kuma hanyarsa ta biyo ta ƙasarmu. Geraldo Pino, ɗan Saliyo, ya kawo salon James Brown Legas a shekarun 1960, Fela Kuti ya je Amurka a 1969 ya dawo da sabon tunani, kuma da James Brown ya zo Najeriya a 1970 makaɗansa, ciki har da mai bes Bootsy Collins, sun je gidan rawar Fela sun ga abin da ya ba su mamaki. Kuskure ne a ce Afrobeat, wato salon kiɗan Fela, fank ne da aka sa wa tufafin Afirka, domin mai gangar Fela, Tony Allen, daga masu gangar jaz irin su Art Blakey da Max Roach ya yi karatunsa, ya haɗa da kiɗan Yarabawa da na hailaif, kuma gaɓoɓinsa huɗu kowace da zancen da take yi. Ka saurari "Water No Get Enemy" na 1975 bayan "Cold Sweat", za ka ji bambancin: Stubblefield yana kafa ɗaya kamar turke, Allen kuwa yana zagaya shi, yana taɓa shi da sauƙi ya wuce. Idan ka taɓa jin daɗin doguwar shimfiɗar da Fela yake yi kafin ya buɗe baki, to kunnenka ya riga ya san hanyar.

Ka tambayi wanda na fi so duka, kowa kuwa da kiwon da ya karɓe shi. Nawa shi ne "Actual Proof", daga faifan Thrust da Hancock ya fitar a 1974, shekara guda bayan Head Hunters, inda Mike Clark ya maye gurbin Harvey Mason a ganga. Kada ka fara da shi, ka bari sai ka yi wata ɗaya ko biyu da sauran. A cikinsa an ɗauki dokar James Brown an juya ta: ɗayan yana nan, dukansu sun san inda yake, amma Clark da Jackson sun ƙi taka shi, suna ta wucewa ta gefensa, Hancock kuma yana yawo a kan fiyanon Rhodes kamar ba ruwansa da su, sai can a ƙarshen zagaye su haɗu a kan wata 'yar jimla su sake watsewa. Na kwashe shekaru ina bin layin Jackson da bes a hannuna, kuma har yau akwai wani wuri a tsakiyar bugun fiyanon da nakan ɓatar da ƙirgata, in zauna ina jira su dawo su same ni.